Kafin a Kafa Dokar Muhalli, Wa Ya Zana Taswirar?

Duk wata manufa ta kare muhalli, komai daɗin lafazinta, sai ta zo ta amsa tambaya guda: a ina? Gwamnatin da ta yi alkawarin dasa itatuwa miliyan kaza, a wace ƙasa za ta dasa su? Wadda ta ce za ta keɓe kashi talatin cikin ɗari na ƙasarta domin kare halittu kafin 2030, kamar yadda kusan dukkan ƙasashen duniya suka amince a taron Montreal na watan Disambar 2022, wane kashi talatin ɗin take nufi? Wadda ta hana noma a wani wuri ta bar shi ga kiwo, ko ta tare kogi ta karkata ruwansa, da wane awo ta gane cewa nan ya fi can dacewa? Amsar tana cikin wata taswira da aka riga aka zana, sau da yawa shekaru masu yawa kafin a rubuta dokar, wadda ta karkasa ƙasa gida-gida ta raɗa wa kowane gida suna: nan kurmi, nan gona, nan makiyaya, nan ƙasa ce da ta lalace. Majalisa takan yi muhawara a kan kuɗin da za a kashe, jaridu su yi a kan wanda aka ba kwangila, amma da wuya a ji wanda ya tambayi mai raɗa sunayen nan hujjarsa. A ganina a wurin raɗa sunan ne ake yanke hukunci mafi nauyi, kuma a yankin da ya tashi daga Sakkwato zuwa Tafkin Cadi, daga Kaduna zuwa Tanut, da yawa daga cikin manyan kurakuran da aka tafka a kan ruwa da daji da makiyaya sun samo asali ne daga taswirar da ta kira ƙasa da sunan da ba nata ba.

Karkasa ƙasa bisa halittarta aiki ne dabam da zana taswirar mulki. Iyakar Jigawa da Yobe, ko ta Najeriya da Nijar, masu mulki ne suka ja ta, ruwan sama da rairayi ba su san da zamanta ba. Masanin ƙasa kuwa yakan duba yawan ruwan sama da tsawon damina, da irin dutsen da ke ƙarƙashi, da tudu da gangare, da nau'in turɓaya, da inda ruwa ke kwanciya, da tsirran da ke fitowa ba tare da an shuka su ba. Inda waɗannan suka haɗu a tsari ɗaya suna ta maimaita kansu, sai ya ɗauke shi yanki guda. Amfanin haka a fili yake: abin da aka gwada ya yi kyau a wani ɓangaren yankin, akwai dalilin sa ran zai yi kyau a saura, ba sai an sake gwaji a kowane ƙauye ba. Masana biyu na Ostireliya, Christian da Stewart, su ne suka daidaita wannan dabara a binciken da suka fara a 1946 a arewacin ƙasarsu, inda suka haɗa hotunan jirgin sama da tafiya a ƙasa. Kanada ta ɗauki abin ta mai da shi tsarin hukuma: a tsakiyar shekarun 1990 ta raba ƙasarta zuwa manyan shiyyoyi 15, a cikinsu yankuna 194, a cikin waɗannan kuma gundumomi sama da dubu. Hikimar tsarin ita ce babba na ɗauke da ƙarami, kuma kowane mataki da irin shawarar da ake yankewa da shi. Da babbar shiyya ake auna ko wuraren da aka killace sun wakilci ire-iren ƙasar duka. Da ƙaramar gunduma ake shawarar inda za a sari itace da inda za a bari.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1949 wani jami'in gandun daji, Ronald Keay, ya fitar da bayanin tsirran ƙasar, ya raba ta ziri-ziri daga bakin teku zuwa arewa: kurmin kudu, dajin Gini na kudu da na arewa, dajin Sudan, sai Sahel a can kusurwar Borno. A shekarun 1970 sashen nazarin albarkatun ƙasa na gwamnatin Birtaniya ya yi aiki mai zurfi a arewa maso gabas da tsakiyar Najeriya da irin dabarar Ostireliya. Tsakanin 1976 da 1978 aka ɗauki hoton ƙasar baki ɗaya da na'urar rada daga jirgin sama aka fitar da taswirorin tsirrai da amfanin ƙasa, aka kuma sake aikin da hotunan tauraron ɗan Adam a tsakiyar shekarun 1990 domin a ga abin da ya sauya. A 2016 ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel da hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka fitar da kundin taswirorin ƙasashe 17 na Afirka ta Yamma, wanda ya nuna cewa gonaki a Najeriya sun tashi daga kimanin kashi ashirin cikin ɗari na faɗin ƙasar a 1975 zuwa sama da kashi arba'in a 2013. Ilimin yana nan ke nan. Sai dai abin da ya zauna a kan ɗalibi da ma'aikacin gwamnati har yau shi ne zirin nan na Keay. Shi bai yi laifi ba, domin taswirarsa ta dace da tambayar da ya yi nufin amsawa. Matsalar ita ce ana ɗaukar taswirar da aka yi don fahimtar ƙasa baki ɗaya ana yanke hukuncin kwari guda da ita.

Rayuwa a busasshiyar ƙasa ta rataya ne a kan 'yan wurare ƙanana masu riƙe danshi bayan ruwa ya ɗauke, kuma su ne babbar taswira ke haɗiyewa. Fadamar da faɗinta mita ɗari biyu ne, a taswirar da santimita ɗaya ke wakiltar kilomita goma, ba ta kai kaurin layin alƙalami ba. Alhali ita ce abincin ƙauye a watan Maris, ita ce mashayar shanu, ita ce ke cika rijiyoyi. Babu inda wannan ya fi bayyana kamar dausayin Haɗeja da Nguru. Kogin Haɗeja da na Jama'are, da suka iso tsoffin tuddan rairayi na gabashin Jigawa da yammacin Yobe, sai suka rarrabu suna malala kowace damina. Wuri ɗaya yakan yi aiki uku ko huɗu a shekara: shinkafa da su lokacin da ruwa ya cika, wake da masara da kayan lambu yayin da yake janyewa, sannan shanun Fulani su sauko su ci harawa da ɗanyar ciyawa har faɗuwar ruwa. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ma nan suke yada zango. Da aka gama madatsar Tiga a 1974 domin noman rani na Kadawa da ruwan sha na Kano, aka ƙara da ta Calawa a 1992, ga kuma farin da ya addabi yankin, sai faɗin ambaliyar ya ragu daga hekta dubu ɗari biyu da hamsin zuwa dubu ɗari uku a shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma dubu ɗari ko ƙasa da haka a shekaru da yawa na baya. A farkon shekarun 1990 wani masani, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka lissafa abin da dausayin ke bayarwa na amfanin gona da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da noman ranin sama ke bayarwa a kan kowane awon ruwa. Sakamakon ya nuna dausayin ya ninka shi sau da yawa, ko da ba a sa kiwo da cikar rijiyoyi a lissafin ba.

Ba ina cewa kuskure ne Kano ta sami ruwan sha ba, ko kuwa tumatir da shinkafar Kura ba su da daraja. Tambayar gaskiya tun farko ita ce ruwa nawa za a riƙa sakewa, kuma a wane wata. Abin da ya hana a yi wannan tambayar shi ne a takardun masu tsara aikin, ruwan da ya wuce Haɗeja ya bazu a fadama asara ce, ruwa ne da rana za ta shanye. Jadawalinsu yana da gidan gona, da gidan makiyaya, da gidan ruwa, amma ba shi da gidan ƙasar da take zama duka ukun bi da bi. Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna haka. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara maimakon cika da bushewar da kogin ya saba, ciyawar kacala ta sami abin da take so, ta toshe magudanai, ruwa ya karkata ta mashigin Marma ya mamaye gonaki a wajen Nguru, wasu garuruwan kuma ta ɓangaren Gashuwa suka rasa shi. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Daraja ce, amma layin da aka zagaye wurin da shi bai kai inda ake buɗe ƙofar ruwa ba, kuma makomar dausayin a can take, nisan ɗaruruwan kilomita. Taswirar da ta dace da irin wannan wuri ita ce ta kwarin kogin gaba ɗaya, daga tsaunukan Jos da dajin Falgore har Komadugu Yobe.

Bayan matsalar girma akwai ta lokaci, wadda a ganina ta fi wuyar sha'ani. Taswira tana kama ƙasa ne a yanayin da mai zanen ya same ta, ita kuwa ƙasar Sahel ba ta tsayawa. A watan Mayun 1961 Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar da ta ja iyakar noma ta arewa: daga layin zuwa sama ƙasar makiyaya ce, ba a yarda a buɗe manyan gonaki ba, wanda ya yi shuka kuwa ba shi da diyya in dabba ta ci. Niyyar mai kyau ce, ta kare mai raunin murya. Amma an ja layin ne a ƙarshen shekarun yalwar ruwa na 1950. Da farin 1968 zuwa 1973 ya zo, na 1984 ya biyo, layukan ruwan sama suka zame kudu da sama da kilomita ɗari, a daidai lokacin da yawan jama'a, wanda ya tashi daga wajen miliyan uku a 1960 zuwa sama da miliyan ashirin da biyar yau, ke tura manoma arewa su ƙetare iyakar. Sai layin ya zama bai dace da ruwan sama ba, bai kuma dace da inda garma ta tsaya ba. Irin wannan ne ya sami aikin noman rani na kudancin Tafkin Cadi a Borno. An tsara shi ya shayar da hekta dubu sittin da bakwai bisa yadda tafkin yake a shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu ashirin da biyar. An buɗe shi a 1979, cikin 'yan shekaru ruwa ya janye ya bar bakin babbar magudanar a bushe. Mutanen wurin kuwa, ba tare da wani shiri na gwamnati ba, suka bi ruwan suna shuka masara da wake a lakar da ya bari.

Labarin gurgusowar hamada shi ma ɗan wannan kuskuren ne. A 1935 wani masanin daji na Birtaniya, Stebbing, bayan ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar a 1936 da 1937 bai ga alamar haka ba. A 1975 wani masani, Hugh Lamprey, ya kwatanta abin da ya gani daga jirgin sama a Sudan, bayan fari, da taswirar 1958 ta lokacin ruwa, ya ce hamada na cin kilomita biyar da rabi duk shekara. Daga baya hotunan tauraron ɗan Adam da Compton Tucker na hukumar NASA ya nazarta suka nuna cewa gefen Sahara ya gangaro kudu sosai daga 1980 zuwa 1984, sannan ya koma arewa da fiye da kilomita ɗari a shekara guda da ruwa ya dawo. Duk da haka har yau ana maimaita cewa hamada na cin mita ɗari shida na Najeriya kowace shekara. Kada a fahimce ni a baibai: lalacewar ƙasa gaskiya ce, kuma mai ɗaci. Tuddan rairayi na binne kwaruruka masu dabino da kanwa a Yusufari da Gure da Maine-Soroa. Fako na yaɗuwa a tuddan Tawa. Gonakin gero a wurare da dama sun gaji saboda babu saura babu taki. Amma waɗannan cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta: shingen kare rairayi a nan, ramukan tassa da rabin wata a can, taki da barin toho a gaba. Wanda ya tara su ƙarƙashin suna ɗaya, magani ɗaya zai nema. Shi ya sa shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya fara da tunanin zirin bishiyoyi mai faɗin kilomita goma sha biyar daga Dakar zuwa Jibuti, kafin masu shi su gane su mai da shi tarin ayyukan gyaran ƙasa iri-iri gwargwadon halin kowane wuri.

Suna ma kansa yana da illa in an aro shi daga wata ƙasa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana kiran wuri kurmi idan ya wuce rabin hekta, inuwar itatuwansa ta rufe sama da kashi goma cikin ɗari, tsayinsu ya kai mita biyar, kuma ba gona ba ne. Wannan awo yana yi mana ɓarna ta fuska biyu. Da farko yana ɓoye itatuwan gona. Tun daga 1983 da aka fara sassabin zamani a yankin Maradi, inda manomi ke barin tohon kututture ya gyara shi ya zama itace, gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki, amma aka yi shekara ashirin duniya ba ta lura ba, domin a taswira wurin gona ne, gona kuma ba a ƙirga mata itace. Sai da Gray Tappan da Chris Reij da masanan Nijar suka jera tsoffin hotunan jirgin sama na 1975 da na shekarun 2000 aka ƙiyasta hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan ɗari biyu a Maradi da Damagaram. A 2020 Martin Brandt da tawagarsa suka ƙirga itatuwa ɗaiɗai sama da biliyan 1.8 a wani yanki na yammacin Sahara da Sahel da taswirorin kurmi ke nuna kusan babu komai. Fuska ta biyu kuma, awon yana mai da dajin ciyawa tamkar kurmin da ya lalace. Dajin gamba mai kaɗanya da ɗorawa jefi-jefi, wanda wuta da kiwo suka raina dubban shekaru, cikakkiyar halitta ce mai zaman kanta. Amma taswirorin da ke nuna inda ya kamata a maido da kurmi sukan shafa masa launin gyara. A 2024 Kate Parr da abokan aikinta suka nuna cewa alkawuran da ƙasashen Afirka suka yi na farfaɗo da kurmi a hekta sama da miliyan ɗari sun shiga dajin ciyawa mai girman ƙasar Faransa ko fiye. Dasa turare a jere a irin wannan wuri yana kashe ciyawar da dabba ke ci, yana kuma zuƙe ruwan ƙasa, duk da cewa a rahoto zai fito a matsayin nasara.

Mai musu zai ce duk wannan labarin da ne, yanzu fasaha ta warware shi. Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, da ake ɗauka tun 1972, sun zama kyauta a 2008. Tauraron Sentinel na Turai yana ganin fili mai faɗin mita goma, yana kuma dawowa duk bayan 'yan kwanaki. Najeriya kanta ta harba tauraronta na farko a 2003, cibiyar AGRHYMET mai bibiyar yanayi da noma kuma tana Yamai tun 1974. Gaskiya ne, kuma wannan ya rage matsalar girma da ta lokaci ƙwarai: yanzu ana iya ganin fadama, ana iya bin cikarta da janyewarta wata-wata har shekara arba'in baya. Amma hoto ba ya raɗa suna. Kwamfuta tana zuba kowane ɗigo ne a gidajen da mutum ya tanadar mata, ta hanyar misalan da mutum ya koya mata, kuma da yawa daga cikin taswirorin duniya an koya musu ne da manyan gonakin Turai da Amurka. Gonar gero a watan Fabrairu, saura mai shekara biyu, da makiyaya da aka cinye, kusan kamarsu ɗaya daga sama. Burtali kuwa ba shi da launi na kansa. Abin da ya mai da shi burtali yarjejeniya ce tsakanin mutane. Ƙaruwar kaifin hoto ba tare da gyara gidajen jadawali ba tana iya ƙara haɗari ma, domin kuskuren zai zo da kwarjinin da ba mai iya ja da shi.

Akwai musu na biyu da ya fi wannan nauyi, kuma ina ganin rabinsa daidai ne. Masu shi suna cewa halitta ba ta da layi, dajin Sudan yana narkewa cikin Sahel ne a hankali, don haka duk layin da aka ja ƙirƙira ce. Kuma tarihi ya nuna taswira makamin mai ƙarfi ce. Da ita Turawan mulki suka killace gandun daji suka mai da mai yanke reshe a gonarsa mai laifi, kuma a Nijar sai da aka sassauta wannan ikon na ma'aikatan daji manoma suka yarda su bar itace ya girma. Da ita ake kiran makiyaya filin da ba kowa a miƙa wa mai kuɗi. Duk wannan ya faru. Sai dai a duba abin da rashin taswira ya haifar. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta kai ga ware wurare kimanin 415, amma wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a hukumance, sauran kuma, tare da burtalai da mashaya da ba a taɓa sa su a takarda ba, gonaki da gine-gine suka cinye su kaɗan-kaɗan. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma jihohi da dama yanzu suna da ofisoshin rajistar filaye na zamani masu auna kowane fuloti da kwamfuta. Ma'ana, ana nan ana zana taswira ko mun so ko mun ƙi, sai dai taswirar mallaka ce, wadda ke ganin abin da yake da mai shi guda ɗaya kaɗai. Abin da jama'a suka yi tarayya a kansa, fadama da hurumi da hanyar shanu da hanyar ruwa, shi ne ke fitowa fari fat a cikinta. Wanda ya ƙi taswira don tsoron mai ƙarfi ya bar wa mai ƙarfi alƙalamin ne shi kaɗai.

Wasu kuma za su ce matsalarmu ta aiwatarwa ce, ko an zana taswira mafi kyau a duniya a kabad za ta ƙare, kamar yadda kundayen shekarun 1970 suka ƙare. Wannan gargaɗi ne da ya cancanci a saurara, kuma Nijar ta ba da darasi a kansa ta fuska biyu. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa daga jiha har ƙauye, masu haɗa sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da makiyaya, ta kuma wajabta wa kowace jiha ta fitar da taswirar da za ta nuna gonaki da makiyaya da burtalai da mashaya. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara da amincewa cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Amma sai a 2018, bayan shekara ashirin da biyar, jihar Doso ta zama ta farko da aka amince da taswirarta. Jinkirin babba ne. Duk da haka inda aka bi burtali aka kakkafa masa alamu a gaban kowa, mai gona da mai shanu sun sami abin da za su nuna wa alƙali. Bambancin da ke tsakanin wannan da kundin da ya ƙare a kabad shi ne wannan doka ta ɗaure shi da hukunci, kuma waɗanda abin ya shafa sun ga lokacin da aka ja layin.

Nan ne sanin mutanen wuri ke shigowa, kuma ba don a faranta musu rai ba. Manomin Hausa ya daɗe da nasa rabe-raben: jigawa mai saurin shan ruwa da sauƙin noma, wadda gero da gyaɗa ke so, laka mai riƙe ruwa ta dawa da shinkafa, fako da ƙeƙuwa da ruwa ke gudu a kansu, geza, fadama da tudu. Manomin Borno ya san firki, baƙar ƙasar da ake dasa masakwa a cikinta bayan damina. Waɗannan sunaye sun ginu ne a kan yadda ƙasa ke mu'amala da ruwa da kuma abin da za a iya yi da ita a wane wata, wato daidai abin da jadawalin da aka aro ya rasa. Aikin Michael Mortimore na shekaru masu yawa a kewayen Kano da ƙauyukan arewa maso gabas ya nuna yadda manoma ke juya shuka da taki da dabba tsakanin waɗannan ire-iren ƙasa gwargwadon yadda damina ta zo. Amma wannan sani yana da iyaka. Suna ɗaya yana iya nufin abu biyu a Katsina da Damagaram. Manomin Gashuwa ba ya ganin abin da ake yi a Tiga, kuma ba wanda zai ga saukar ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwari guda daga bakin rijiyarsa. Sannan wanda ya fi murya a ƙauye shi zai fi faɗar yadda ƙasa take, makiyayin da ke zuwa wata uku a shekara da macen da ke tsintar kwara da ganyen miya su ne za a manta. Saboda haka mazaunin wannan sani shi ne matakin ƙasa na tsarin, a ƙarƙashin taswirar kwarin kogi da ta shiyya, a kuma tattara shi a lokutan shekara daban-daban domin a riski masu zuwa su tafi.

Wannan ba zancen gobe ba ne. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan ɗari bakwai domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa goma sha tara da Abuja, da burin gyara hekta miliyan ɗaya, kuma an tsara shi bisa magudanan ruwa maimakon iyakokin ƙananan hukumomi, wanda mataki ne daidai. Bashi ne da za a biya, don haka jama'a na da haƙƙin ganin taswirar da aka ce hekta miliyan ɗayan nan ta lalace a cikinta: da wace shekara aka kwatanta, ta ruwa ko ta fari, kuma ko dajin ciyawa da saura da makiyaya sun faɗa cikin abin da za a gyara. Ya kamata a wallafa jadawalin sunayen da ma'anar kowane suna da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a ba ƙasa mai aiki fiye da ɗaya gida nata da kalandarta, a rubuta ranar da za a sake duba kowane layi, sannan a hana ofishin rajistar filaye ba da takardar mallaka a fadama ko burtali ko hanyar ruwa sai ya duba wannan taswirar. Haka nan kashi talatin ɗin da aka yi alkawari a Montreal: idan aka cika shi da tsoffin gandun daji da sunansu kawai ya rage a takarda, lissafi zai cika, amma kwarurukan Yobe da fadamun Rima da dajin kaɗanya na kudancin Katsina da Zamfara za su ci gaba da zama a wajensa.